Azaratu Mai Koko Ta Je Koyon Rawar Ƙugu

Duk Akwatia Line, wata unguwar zongo a Kumasi, babu wanda bai san Azaratu mai koko ba, babu kuma wanda ya taɓa ganin ta taka rawa. Kada a yi mata shaidar da ba tata ba, ba ustazanci ne ya hana ta ba. Ba ta iya ba ne kawai. Tun tana yarinya, in aka kafa gaɗa ita ce mai riƙe wa ƙawaye mayafi.

Al'ada ce ta daɗe tana rufa mata asiri. Da 'yarta ta fari ta yi aure, kowa ya san uwa ba ta rawa a bikin 'yar fari, sai ta shige madafa ta zauna abinta. A bikin ta biyu ta ce ai wannan ma dab take da ta fari, kunyar ba ta gama sakinta ba. Na ukun namiji ne, ranar ƙafa ta tashi yi mata ciwo. To yanzu ga Sala, auta, za ta auri Amidu, ma'aikacin jirgin ƙasa a Sekondi. A kan auta kuwa babu wata kunya da uwa za ta fake da ita.

Wata safiya Azaratu tana tace gasara, Sala ta zo ta tsuguna gabanta.

"Mma, ban roƙe ki zani ba, ban roƙe ki kwano ba. In gan ki kina rawa a awurena, shi ke nan."

"Ke rabu da ni, ba ki ga ina aiki ba?"

"Sekondi da nisa paa, Mma. Ina so in tafi da abin da zan dinga tunawa."

Azaratu ta ce, "Yoo, na ji." Bakinta ne ya riga hankalinta. Yarinyar ta tashi tana murna, ita kuwa uwar ta zauna da rariya a hannu.

A lokacin babu zancen da ake yi a unguwa sai na Hajiya Safura. Ita Hajiya ta hanyar ƙasa ta tafi Makka, ta maƙale shekaru a Bur Sudan tana soya kifi a bakin teku kafin Allah ya ba ta ikon ƙetarewa. Shekarar da ƙasa ta samu mulkin kai ta dawo Kumasi da haƙorin Makka, da garmaho, da faifai ɗaya tak, da kuma wata rawa da ta koya wurin matan can, wadda ƙugu da ciki ne kawai ke motsi. Bayan azahar, in maza sun watse kasuwa da garejin Suame, sai ta tara mata a tsakar gidanta ta sa sakata. Sunan abin a bakin kowa maganin ciwon baya. Ikon Allah, cikin ɗan lokaci rabin matan unguwa suka kamu da ciwon baya.

Azaratu ta je da goro a bakin zani, ta gaishe da Hajiya, ta dafa bayanta ta yamutsa fuska yadda ta ga ana yi.

"Sannu, ke ma ya kama ki?" in ji Hajiya, haƙorin yana walƙiya. "Ɗaura gyale a ƙugu ki shiga layi."

Aka wana garmaho. Hajiya tana zagawa tana faɗa: ƙafa ta zauna, kafaɗa ta zauna, ƙugu kaɗai zai yi magana. Matan zongo kuwa sun saba da durƙusawa da kaɗa kafaɗa, don haka ranar kowa ta sha faɗa. Amma na Azaratu ya fi na kowa. In ta ce wa ƙugu ya je dama, sai duk jikin ya bi shi har da kai, kamar ana matsar da akwatin amarya. Awa, wata Bamosa mai sayar da wake da shinkafa, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Ei, Hajiya, wannan bai da ƙugu koraa! Allah ya yi shi guntu ɗaya."

Azaratu ta yi dariyar yaƙe, amma abin ya sosa mata rai. Ta koma gida da niyyar ba za ta sake zuwa ba, sai ta tarar da Sala tana shanya kayan lefe tana waƙa. Washegari ta koma.

Hajiya ce ta gano maganin, ba kuma a tsakar gida ba. Da sassafe ta leƙo ƙofa ta hango Azaratu tana wucewa da tukunyar koko a ka. Wuya a miƙe, tukunya ko gezau, amma daga ƙasa ƙugu yana ta aikinsa, dama, hagu, yana kauce wa kwata da duwatsun hanya. Da azahar Hajiya ta cika kwano da ruwa ta aza mata a ka.

"Manta da rawa. Yi min tafiyarki ta safe, amma kar ki ɗaga ƙafa."

Sai ga shi ya zo. Awa ta buɗe baki ta kasa rufewa. Ashe shekara da shekaru Azaratu tana yawo da abin a jikinta, tana kai wa mutane koko da shi. Sannu a hankali aka rage ruwan, aka ɗauke kwanon, har ta iya kaɗa gyalen yadda gezarsa ke rawa ita kaɗai. Ta fara tafiya da wani sabon ƙwambo. Maigidanta Mutaru ya tambaye ta ya bayan, ta ce da sauƙi ƙwarai, Hajiya ta san magani.

Biki ya matso. Ranar darasin ƙarshe Azaratu ta yi juyi mai kyau, mata suka rangaɗa guɗa, daɗi ya kwashe ta.

"Ku bari Lahadi ta zo. In makaɗa suka kira uwar amarya, mutanen Sekondi za su ga abu."

Hajiya ta ɗage allurar garmaho. Ta juyo ta dubi Azaratu.

"A ina za su gani?"

"A fili mana, ƙofar gida."

"Gaban surukinki? Gaban liman da masu kalangu? La ilaha illallahu! Azaratu, a Bur Sudan har mai kiɗan mace ce, kuma sai an kulle ƙofa. Kin ga dalilin sakatar nan? Me ya sa ba ki gaya min abin da ya kawo ki ba?"

"To ai kowa ciwon baya ya ce."

Mata suka fashe da dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ta kwance gyalenta ta naɗe. Duk wahalar nan, ashe rawar da ba ta fita waje ta koyo, ta filin kuma har gobe ba ta san inda ake sa ƙafa ba. Ta kama hanyar gida tana tunanin fuskar Sala, tana jin kamar ta zauna a bakin kwata ta yi kuka.

Ranar ƙunshi da la'asar Sala tana ɗaki a kan tabarma, ƙafafu a naɗe cikin ganye, hannaye cikin zunguru, mai ƙunshi ta ja mata kunne kada ta motsa. Gwaggonni da ƙawaye sun cika ɗakin. Uwar amarya ba ta da aiki a wurin, shi ya sa kowa ya ɗago kai da Azaratu ta shigo, Awa tana biye da ita da ƙwarya. Ta mai da ƙofa ta sa sakata.

"Sala, gobe a fili kar ki neme ni, ban iya ba, ban kuma taɓa iyawa ba. Amma na ce miki yoo. Ga naki."

Ta ɗaura gyale. Awa ta fara buga ƙwarya. Azaratu ta miƙe wuya, ta dubi 'yarta, ƙugu ya kama. Wata gwaggo ta ce, "Ei!" ta toshe baki da mayafi. Sala ta ƙyalƙyale da dariya, ta so ta tafa babu hannu, ta shiga buga zunguru da zunguru. Can dariyar ta juye, hawaye suka zubo, ga shi babu halin sharewa. Azaratu ta durƙusa ta goge mata fuska da bakin zaninta.

"Sake, Mma."

Ta sake. Mai ƙunshi tana ta faɗa za a ɓata mata aiki, babu mai jin ta.

Da aka kwance, lalle ya fito a karkace, ya haura wuyan hannu, wani yatsan ma bai kama ba. Gwaggonni suka ce da sauran lokaci, a gyara kafin dangin ango su gani. Sala ta ɓoye hannayenta a hammata ta ce babu mai taɓa mata. Haka ta hau mota zuwa Sekondi da shi.