Jar Shinkafar Yari

"Aje almakashin ga, tela. Ka iya tuƙi, ko kuri na kaka yi muna shekara da shekaru?"

Na ɗago kai daga kan keken ɗinki, sai ga Malam Riskuwa a ƙofar shagona, ya dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da makullin mota. Kwana tara ke nan da sallamo shi daga asibiti. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, dugadugansa a ƙasa. 'Yarsa Nazifa tana tsaye a bayansa, gyale a karkace, idanunta sun yi ja.

"Malam Atiku, don Allah ka hana shi," in ji ta. "Likita ya ce zuciyar ta gaji, ko masallaci sai an riƙa shi. Cikin tukunyar kuka niɓ ɓoye makullin ga, ban san yadda yay yi yag gane shi ba."

"Nan uwarki ka ɓoye min goro," ya ce da ita, bai ko juya ba.

Shekara goma sha huɗu muna maƙwabtaka da shi a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, katanga ɗaya ta raba mu. Malamin gona ne da ya yi ritaya. Abokan aikinsa da suka aje aiki sai suka dawo majalisa suna gardamar siyasa daga hantsi zuwa magariba. Shi kuwa, bayan rasuwar matarsa, sai ya sayi wata tsohuwar bas ya kai wa Gbadebo bakanike. Aka cire kujeru, aka yi waldar gado, aka ɗaure randa da igiya a lungu, aka sa risho da buta da 'yar kanta, aka ɗora farantin sola a rufi. Labulen tagogin ni na ɗinka, ina ɗinki ina dariya.

Tun daga nan ba ya wata guda cur a gida. Yau yana Zauro wurin abokinsa Hodi, jibi Augie, wani satin Bunza ko Kamba. Ya faka a ƙofar gidan aboki, a ci tuwo tare, a yi hira, amma barci a motarsa, don kada a tashi kowa daga ɗaki saboda shi. Tsarabar da aka ba shi a wannan gari ita yake sauke wa na gaba, shinkafar Zauro ta je Augie, albasar Augie ta zo mana Gesse. A majalisa muna kiransa mai gida bisa taya, kuma ni ne limamin masu tsokanar. Gaskiyar magana ita ce burge ni yake yi. Ni da nake da aminai a cikin garin nan na Birnin Kebbi, wasu na shekara biyu ban leƙa su ba.

Abu ɗaya ne muka lura da shi ba mu taɓa tambaya ba. Argungu tana kan hanyarsa ta zuwa Augie, amma bai taɓa cewa ya kwana a can ba.

"Ina za mu, Malam?" na tambaye shi.

"Argungu. Wurin Yari."

Nazifa ta shiga gida, ta fito da ledar magunguna da filo biyu, ta riga mu shiga motar.

Tuƙina na da ne, tun zamanin da na yi kabu-kabu na wata shida. Kafin mu fita Gesse motar ta mutu a hannuna sau biyu. Malam yana kwance a gadonsa a baya, amma bakinsa bai kwanta ba.

"Giya ta biyu, tela. Wanga ba keken ɗinki na ba da kaka takawa da ƙafa biyu."

Sai da muka hau titi sosai ya ba ni labarin, yana yi yana hutawa. Yari abokinsa ne tun firamare, manomi kuma masunci a fadamar Argungu. Mahaifin Yari ya bar masa irin wata jar shinkafa mai bin ruwa: in ruwa ya ƙaru ita ma ta ƙara tsawo, kanta kullum yana sama. Ba ta cika rumbu, amma ba ta barin mutum hannu wofi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Malam ya kawo wa Yari sabon iri, fara, gajeruwa, mai ninka amfani. Ya yi ta lallashinsa har ya shuke gonar duka da ita.

"Tsohon irin kuwa anka surhe shi anka yi tuwo," in ji shi. "Ni ma na ci tuwon, har da ƙari. Shekarar kau gulbi yac cika yat tumbatsa. Sabuwar ta nutse ƙaƙaf. Ba amfani, ba iri. Abin da uba nai yab bar mashi, ni nis sa yac cinye shi."

"Ya kuka ƙare da shi?"

"Ba mu ƙare ba. Ban iya dubin idonai ba. Nic ce ba ni taka ƙohwatai sai da irin ga a hannu."

Kowace ƙofa ya tsaya da motarsa, bayan gaisuwa da tuwo, sai ya tambayi irin. Shekara takwas ana ce masa ya ɓace. Daga ƙarshe ya same shi a gaba da Augie wurin wata tsohuwa, cikin gora, bai cika mudu ba. Hodi ya shuka masa shi damina biyu a gefen gonarsa ta Zauro har ya yi yawa. Buhun yana nan ƙarƙashin gadon da yake kwance.

"Ashe duk yawon nan neman iri kake yi?" na ce.

"A'a. Zumuncin ma ina son shi. Allah dai yah haɗa min biyu."

Mun ci fiye da rabin hanya numfashinsa ya sarƙe. Na ji Nazifa tana kiran "Baba, Baba," na gangara gefen titi na tsaya. Ta ɗaga shi ta jingina da filo, ta sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Leɓensa ya yi fari. Ta ce mu juya, ni ma abin da ke raina ke nan. Da ya samu sarari sai ya nuna mana gonakin da ke gefen hanya, ƙasa ta yi danshi, mutane sun duƙa da kwandunan iri.

"Ruwa ya sauka shekaranjiya. In munka koma, shuka ta wuce. Ni kau ba ni ganin wata damana, ke ma kin sani, ɗiyata."

Nazifa ta goge fuska da gefen gyale, ta dube ni ta madubi. "Mu tai, Malam Atiku."

Ban taɓa jin tsoro da sitiyari a hannuna irin na ranar ba. Kowane rami sai na lallaɓa shi.

Mun iso bayan azahar. Malam ya yi ta nuna mini lungu, hagu, dama, kamar jiya ya bar unguwar. A ƙofar wani gidan ƙasa, ƙarƙashin bishiyar bedi, wani tsoho siriri yana zaune kan tabarma yana ɗinkin tarun kamun kifi. Bai tashi ba. Ya dubi motar daga farantin sola har taya.

"Na san motar ga," ya ce. "Ta daɗe tana wucewa bisa titi."

Ni da Nazifa muka riƙo Malam muka zaunar da shi a bakin ƙofar motar, ƙafafunsa a ƙasa. Ya yi sallama, tsohon ya amsa a taƙaice. Malam ya yi mini nuni, na jawo buhun na dire shi a gaban tabarma na kwance bakin.

Yari ya aje allurar tarun. Ya tura hannu cikin buhun har wuyan hannu, ya ɗebo, ya murza a tafinsa, ya ɓare ƙwaya ɗaya da farce. Ja ce. Ya sa ta a baki ya gutsura. Ya daɗe yana taunawa, ya kafa wa ƙasa ido.

"Ita ta," ya ce. "Ina kas samo ta?"

"Labarin da tsawo. Na maido maka abinka, Yari."

Na zaci za a rungumi juna. Maimakon haka sai tsohon ya zuba hatsin a buhu ya kakkaɓe hannu.

"Kai wani irin wawa na, Riskuwa? Ka zaci shinkahwa ta raba mu? Ruwa na Allah na, kuma ba ka ɗaure min hannu ba ranar shuka. Da gonar tan nutse, kowa ya zaka min jaje. Wanda munka yi shari'ar iyaka da shi ya zaka. Har mai tallan kanwa ya zaka. Kwana bakwai ina bisa tabarmar ga ina dubin hanya. Kai ɗai na ba ka zo ba."

Nazifa ta juya mana baya.

"Shekara goma sha ɗaya ina jiran jaje, kai kana yawon biɗan iri."

Sai na ga Malam ya gyara zama. Ya zare kumburarrun ƙafafunsa daga silifas, ya gyara hula, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar wanda ya iso yanzu da labarin ɓarnar jiya.

"Yari, ashe ruwa ya ci maka gona."

"Ya ci."

"Sannu. Allah shi maida mahi alheri."

"Amin," in ji Yari. "Na gode da kaz zaka."

Ni tela, mai bakin da ba ya rasa ta cewa, sai na tsinci kaina ina duba tayar baya da babu abin da ya same ta.

Yari ya ce a gyara ɗaki. Malam ya ce shi ba ya kwana ɗakin kowa, kowa ya sani. Sai Yari ya naɗe tabarmarsa ya hau motar da ita. Kwana uku suka yi a haka, suna tsiya da dariya, suna lissafa 'yan ajinsu, wa ya rage, wa ya riga mu gidan gaskiya. Masu ɗinki suka dame ni da kira, na kashe wayar. Ran kwana na uku Yari ya sammako gona da buhun. Ya dawo bayan la'asar da laka har gwiwa, ya zauna a bakin ƙofar motar yana ba da labarin yadda ƙasa ta karɓi irin, da inda ya fara da inda ya ƙare. Yana cikin magana Nazifa ta dafa kafaɗarsa. Malam ya cika, fuskarsa na kallon ƙofa.

A Argungu aka yi masa sutura. Hodi ya zo daga Zauro, mutanen Augie suka zo mota biyu, Gbadebo ya rufe gareji ya biyo su. Motar kuwa Nazifa ta ce a bar ta inda mai ita ya faka ta. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata, har yanzu in na ji ƙarar tsohuwar bas sai na ɗago kai daga ɗinki.

A ƙarshen damina gulbi ya sake cika. Na je gaishe da Yari, ya ce in shiga kwalekwale. Muka bi ta kan gonakin mutane, ruwa shimfiɗe ko'ina, ba ka ganin komai sai kan bishiyoyi. Can gaba ya daina tuƙi, ya bar kwalekwalen yana tafiya da kansa. Zangarniya ce jajaye a saman ruwa, tun daga nan har inda gonarsa ta ƙare. Ya miƙa hannu ya tanƙwaro guda ɗaya, ya duba ƙwayarta, ya sake ta. Ta koma ta miƙe, tana ɗan rangaji.