Sauran Tsirkiyoyi Biyar

Yakuba bai taɓa jin muryar jitarsa da wuta a jikinta ba. Ya saye ta ne a wani shagon tsofaffin kaya a tsakiyar Alƙahira, ja ce mai ɓararren fenti, irin wadda sai an jona ta da amfilifaya take magana. Amfilifayar kuwa bai da ita, ko da yana da ita ma babu inda zai kunna. Su huɗu ne a gidan haya a Madinat Nasr, ukun nan masu hadda ne, kuma sun yarda ya ajiye jitar bisa sharaɗin kada kunnen kowa ya ji ta.

Don haka ya koya a ɓoye. Wani ɗan ajinsu ya ara masa kaset na kiɗan da ake kira metal, ya riƙa saurare da abin sa wa a kunne. Ganguna da ihun mawaƙin ba su dame shi ba. Wurin da yake jira shi ne inda mawaƙin ke yin shiru, jita ɗaya ta tashi ita kaɗai, tana hawa tana sauka kamar mai kuka da hankali. Solo ake ce masa. Sai ya mayar da kaset baya da biro, ya sake ji, ya nemi wurin a kan jitar da yatsa. Idan yana son jin kansa, sai ya ɗora haɓarsa a kan katakon jitar, sautin ya bi ta ƙashi ya shiga kansa.

"Badamagare, ka fara sosa wa katakon naka baya?" in ji Ɗanmalam, Bakanon da suke ɗaki ɗaya. "Wallahi sauro ya fi ka amo."

"Kai dai ji da haddarka, Bakano. Ran da ka ji ta da wuta sai ka nemi tsari."

Karatu ya tafi a haka. Ya faɗi jarrabawa, ya maimaita, ya sake faɗi. A bazarar 1988 aka janye masa tallafin karatu, iƙamarsa ta zama a ƙasar kuma tana dab da ƙarewa. Hanya ɗaya ta rage. Wani Bamisre mai suna Midhat yana da ƙungiyar makaɗa a unguwar Ma'adi, mai buga musu solo ya tafi aikin soja, kuma kulob ɗin da suke wa wasa kan nema wa makaɗansa takardar zama.

Da hantsi ya hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, jitar naɗe cikin bargo. A garejin gidan su Midhat ya tarar da abin da ya daɗe yana gani a mujallu: baƙar amfilifaya mai kwalaben lantarki da ke yin ja in sun ɗauki zafi, lasifika huɗu a akwati ɗaya, da wani ɗan ƙaramin fedal a ƙasa.

"Wannan kake takawa, shi ke sa sautin ya yi kauri ya daɗe bai mutu ba," in ji Midhat. Ya jona masa waya, ya murɗa maɓalli. "Yalla, ya Yakub. Mu ji."

Yakuba ya taka. Ɗakin ya cika da huci tun bai taɓa komai ba. Ya fara solon da ya fi ƙwarewa a kai, yatsunsa suka tafi daidai, ko ɗaya bai kuskure wuri ba. Amma abin da ya fito daga lasifikar ba shi ne abin da ke kansa ba. Kowace tsirkiya da hannunsa ya gifta sai ta ɗauki gurnani. Wadda ya saki ba ta yin shiru, sai ta bi ta gaba ta cakuɗe da ita. Gogar yatsa ta zama ƙara, ɗaga yatsa ya zama ƙara. Waƙar tana can ƙasa, kamar mutum na kira daga tsakiyar kasuwa.

Mai ganga ya ajiye sandunansa.

"Jitar ce," in ji Yakuba. "Tsohuwa ce."

Midhat ya karɓa, ya buga 'yan layuka. Sautin ya fito tas, siriri mai kaifi, ya tsaya a iska yana rawa. Yakuba ya lura da hannunsa na dama: gefen tafin yana kwance a kan tsirkiyoyin sama, yana zamewa a hankali, yatsun hagu kuma suna danne na ƙasa.

"Jitarka lafiyarta lau," in ji Midhat. "A wace amfilifaya kake koyo?"

"Ba ni da ita."

"Ko sau ɗaya?"

Yakuba ya girgiza kai. Midhat ya daɗe yana kallonsa, babu dariya a fuskarsa, kuma hakan ya fi ciwo.

"Yatsunka sun fi nawa sauri, wallahi. Amma a wannan kiɗan, tsirkiya ɗaya kake bugawa, sauran biyar kake rufe wa baki. Kai ba ka taɓa jin su ba, to yaya za ka san suna surutu? Sai ka rushe hannun nan ka sake gina shi, da wuta a jiki, watanni."

"A bar ni in riƙa zuwa nan. Zan share garejin, zan ɗauki kaya."

"Mahaifina ne da garejin, ranar Juma'a kawai yake ba mu. Alhamis mai zuwa muna da wasa. Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Yakub. Khalas, shi ke nan."

Bayan la'asar ya isa gida. Ya zauna a bakin gado, ya kwantar da gefen tafinsa yadda ya ga Midhat ya yi, ya buga solon a hankali. Ya ɗaga tafin, ya sake bugawa. Ya mayar, ya sake. Duk ɗaya suke a kunnensa. Babu yadda zai gane wanne ne daidai.

Ɗanmalam ya leƙo da kofin shayi, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskarsa, ya fasa.

"Malam Yakuba," ya ce a hankali, "ɗazu mutanen ƙungiyar ɗalibanku suka zo. Suna tambaya ko a sa da kai cikin masu komawa gida Yamai."

Yakuba bai ɗago ba.

"A sa," ya ce.