Ruwan Jego a Kan Batir

Ƙas. Ƙas. Abin da motar ta yi ke nan ta ɗauke, ni kuwa ina bakin zaure da jaririyata Nagode a hannu, jikinta kamar garwashi.

Yaya Turai, zauna ki ji, labarin ga ya cika mini ciki. Ɗiyata ta warke! Ga ta nan tana jan nono kamar za ta shanye ni. Amma in na tuna yadda aka yi, sai zuciyata ta tafasa.

Kin san tun da ruwan dam ya ci garinmu aka kwaso mu tudun ga, ba itace, ba inuwa. Katafila ta tumɓuke komi. Mai jego kuwa dole ta yi wankan zafi. Inna Kyauta, uwar maigidana, kara da kashin shanu take tsintowa tana dafa mini ruwa. Ran nan ta haɗa na ƙarshe ta ɗora tukunya, ta ce daga wannan sai yadda Allah ya yi.

Da safen nan yarinya ta ƙi nono. Kin tuna ɗiyata ta farin, haka ta fara, kafin a samo mota ta cika. Ba ranar kasuwa ba ce, ba motar haya ko ɗaya. Sai ga Landiroba ɗauke da Malam Sanusi mai awon gonaki, wanda ya kafa turaku a gonarmu ta sabon wuri ya ce kada a shuka sai an gama gyara. Damina ta wuce, wata ta kawo kai, ba a gama ba. Maigidana ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya roƙe shi ya rage mana hanya zuwa asibitin Mafara. Ya ce motar aiki ce, ba ta ɗaukar mata da jarirai, mu jira ran kasuwa. Ya shiga ya ja ƙofa.

Direba ya murɗa makulli. Ƙas.

* * *

Direban, Jibo sunansa, mutumin Bakura ne. Ya danna ham, ya yi kuka kamar tsohuwar akuya. Ya kunna fitila ya sake murɗawa, fitilar ta dushe. Ya ce ba mai ba ne, ba inji ba ne, wuta ce ba ta isa inda ake so.

Malam Sanusi ya leƙo ya ce maza su taso a tura. Suna nan zaune jikin katanga, ba wanda ya motsa.

"Ranka shi daɗe," in ji tsoho Balarabe, "mu da ba mu noma ba, ina muka ga tuwon turin mota?"

Jibo ya ɗaga boneti. Kan batir duk ya yi wani farin gari mai kore-kore kamar hunhuna, wayar ma tana girgiɗi. Ya ce abin ga ne ya tare wutar, a samo mishi ruwan zafi da kanwa. Duk unguwar, gidanmu kaɗai ke hayaƙi. Kanwa kuwa ta kunun jegona ce.

Kin san Inna da tsoron masu mota. Har ta nufi tukunya za ta miƙa musu. Na riga ta. Ban san inda kunyata ta tafi ba, Yaya. Na goya yarinya, na cika buta, na jefa kanwa, na ratsa tsakiyar maza, na buɗe ƙofar baya na zauna, buta tsakanin ƙafafuna.

"Ruwan jegona ne," na ce. "Motar da ta sha shi, ita za ta kai ni."

Malam Sanusi ya yi ta faɗa. Ya ce wa maigidana ya fid da matarsa in yana son ya sake ganin gonarsa. Na ga maigidana yana kallon ƙasa, na ce shi ke nan. Can ya ɗago.

"Ruwan nata ne, ranka shi daɗe."

Jibo ya taɓa butar ta taga, ya ce wa Malam Sanusi in ruwan ya huce ba ya aiki, a nan za su yini. A hanya ya raɗa mini ko mai ɗumi ma yana yi. Allah ya yi wa bawan Allahn ga albarka.

Malam Sanusi ya yi tsaki ya koma mazauninsa. Na miƙa buta. Jibo ya zuba, wurin ya yi kumfa yana shuu, ya kankare da wuƙa har ƙarfe ya fito fes, ya ɗaure da sifana. Murɗawa ɗaya ta tashi. Maigidana ya shigo kusa da ni. Har Mafara Malam Sanusi hankici ne a hancinsa, wai warin hayaƙi nake yi. Warin kashin shanun da suka bar mana ne.

A asibiti aka yi wa Nagode allura, kafin la'asar ta kama nono. Na yi kuka na yi dariya a gaban mutane.

* * *

Ran kasuwa muka dawo a bayan akori-kura. Ina shiga gida na tarad da tukunya tana tafasa, wuta mai kyau, irin ta icce na gaske. Na tambayi Inna inda ta samo. Ta ce in yi wankana kada ya huce.

Da na fito, maigidana na tsugune gaban murhu da tsinke a hannu. Yana zaro ƙarafan da wuta ta cinye ƙotocinsu daga toka ɗai-ɗai, na fartanya, na galma, na gatarin babansa, yana jera su a ƙasa su huce.