Jiƙon Inna Awa

Barira ta shekara biyar a gidan Badamasi kafin Allah ya ba ta ciki, kuma ga shi tari ya sarƙe ta a wata na uku. Daga ita sai mijin, wanda ke can Malbaza yana lodin siminti, sai unguwarzomar asibitin Tsarnawa suka san da cikin. Unguwarzomar ce ma ta ja mata kunne: kada ta sha kowane jiƙo sai ta zo da shi an gani.

To, amma wa zai faɗa wa Inna Awa, uwar Badamasi? Cikin fari ne, kuma a garin nan mace ba ta buɗe baki ta ce wa uwar miji tana da ciki. Sai dai ido ya gani, idon Inna kuwa ya fara hazo. Tsohuwar tana son Barira tsakani da Allah. Son ne ya sa ta dafa sassaƙen marke da jar kanwa, ta ƙara da wata saiwa da ta sayo a kasuwar Konni.

Kwana biyu Barira tana karɓa da hannu biyu, tana zagayawa bayan rumbu ta zubar. Ran na uku, da hantsi, Inna ta kafa kujera a gabanta.

"Tarin ga bai jin magani, ko ke ta ba ki sha? Yau gabana za ki shanye."

"Inna, da zahi. Bari shi huce."

"Na hihhita shi da kaina. Amshi."

Barira ta karɓi kwanon. Tsoro ya kama ta sosai. In ta ƙi sha, ta raina uwar miji. In ta yi magana, ta zubar da kunya. Ta kai kwanon baki tana fatan wani ya yi sallama, amma ko akuya ba ta gifta ba. Ɗaci ya cika mata baki, ta haɗiye.

Sai ta dire kwanon, ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

"Inna... ba ni ɗaya ta ba."

Tsohuwa ta sa ƙafa ta ture kwanon, jiƙon ya malale a ƙasa.

"Wata nawa?"

"Ukku."

"Kurɓi nawa kinka yi?"

"Guda."

"Kunyar banza! Da kin ƙyale ni in kashe jikana da hannuna? Ɗauko hijabinki!"

Suka fito bakin titi suna tsaida kabu-kabu, Inna riƙe da ragowar saiwar a ƙulle a gefen zane. Barira ta dafe mara, ta tambaya a hankali.

"Inna, in likita ta tambaya, mi as sunan saiwar?"

Inna Awa ta kwance ƙullin, ta daɗe tana juya abin a tafin hannunta.

"Ɗiyata, ni ma ban tambayi mai ita ba."