Gurbin Ƙarshe

Agogo ake ce mata, a gida da wurin aiki, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Mahaifinta ne ya raɗa mata shi tun tana ƙarama, lokacin yana shugaban wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, don ita ce ke tsayawa bakin ƙofa riƙe da hularsa tana gaya masa zai makara. Ta girma ta zama mataimakiyar shugaban makarantar sakandare, ita ke tsara jadawalin darussa. Malami bai isa ya ce ya manta yana da aji ba. Yana ɗaga kai zai gan ta a tagar ɗakin malamai tana murmushi, irin murmushin da ke sa mutum ya tashi ya bar shayinsa da zafi.

A gida kuwa abin ya fi haka. Mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran na'urar sanyaya ɗaki da yake yi, zai kwance inji ya mayar ido a rufe, amma har yau bai san ranar da motar shara ke shigowa layinsu ba. Ƙaninta Auta, ƙato da gemu, mai shagon aski a bakin titi, a ɗakin waje yake kwana, kuma kullum sai ta tuna masa ya yi wa Baba allurar suga kafin ya fita. Baba ya tsufa, hannunsa na rawa, yana wuni a falo da rediyonsa. Ga tagwaye 'yan firamare da sai an kai an ɗauko. Duk wannan a cikin kanta yake zaune, ba a takarda ba, ba a waya ba, kuma tana alfahari da hakan.

Ana haka wani baƙin labule ya fara saukowa a gefen idonta na hagu. Ta yi biris da shi, ta ce gajiya ce. Da abin ya kai tana karanta rabin layi ta rasa sauran rabin, ta je asibiti. Likitar ido, wata mace marar wasa, ta haska ta duba, ta ajiye fitilar.

"Malama, tantanin da ke bayan idon ne ya fara ɗagowa. Jibi da safe zan yi miki aiki. Bayan nan za ki kwanta rub da ciki, fuska a kife, mako guda ko fiye. Ba waya, ba karatu, ba ɗaga kai sai da dalili."

"Likita, ba za a iya bari sai an yi hutu ba? Gidana ne..."

"Gidanki zai jira. Idon ba zai jira ba. In kika riƙa ɗaga kai aikin zai lalace, kuma ban yi miki alkawarin zan iya gyarawa karo na biyu ba."

Agogo ba ta yi kuka ba. A cikin mota ta fara lissafi. Aikin makaranta da sauƙi, ta miƙa wa wani malami da ta yarda da shi. Gida ne matsalar. Tana da yini ɗaya ta zazzage abin da ke kanta ta zuba shi a wani wuri da zai riƙa magana in ita ta yi shiru. Ta ce ai duniya ta ci gaba, akwai manhajojin tsara ayyuka birjik a waya, ɗaya daga ciki za ta riƙe mata gida. Ita kuwa ba mai ruwan ido ba ce. Matar da ke zaunar da malamai da azuzuwan makaranta guda ba tare da biyu sun yi karo ba, zaɓen manhaja ne zai gagare ta?

Da yamma ta tara su a teburin cin abinci ta faɗi abin da likita ta ce. Auta ya ce, "Yaya, kar ki damu, muna nan."

"Kuna nan ne ya sa na damu," in ji ta. "Kowa ya fito da wayarsa."

Auta ya kawo wata manhaja mai kyan gani, in ka gama aiki ka danna sai taurari su zubo a fuskar wayar, har da tafi. Injiniya ya kawo wata ta ma'aikatan kamfani, mai akwatuna da launuka da layuka kamar taswirar wayoyin lantarki. Kowa na yabon tasa. Agogo ta ce ita ba ta sayen kaya da yabon mai talla, gobe za a gwada a gani.

Da safe ta sa wa Auta aiki ɗaya a manhajarsa: ya canza tukunyar gas, ta ƙare. Ba a jima ba wayarta ta yi tafi, taurari suka zubo, an gama. Ta shiga kicin ta ɗaga tukunyar da hannu ɗaya. Fayau take. Ta kira shi.

"Auta, wace tukunya ka canza?"

"Ai Yaya na danna ne don kar in manta. Yanzun nan zan zo."

Ta goge manhajar kafin ya gama magana. Abin da zai tafa wa Auta bai yi komai ba, ai ya fi Auta haɗari.

Ta juya kan ta Injiniya, ta ce ya kai takalmin ɗaya daga cikin tagwaye wurin mai gyara. Bawan Allah ya zauna ya duƙufa. Ya raba ayyukan gida gida-gida, ya ba kowanne launi, ya ware na gaggawa da na gaggawa sosai, har ya zana wani layi mai nuna wane aiki ke jiran wane. Da azahar ya kawo mata wayar yana washe baki. Tsarin ya yi kyau, ba ta musa ba. Takalmin yana nan ƙarƙashin kujerar da yake zaune a kai, bakinsa a buɗe.

Ta uku ita ta tono ta da kanta. Ba ta da ado ko kaɗan, fari da baƙi kamar takardar asibiti. Amma in lokacin aiki ya yi, ba saƙo take turowa ba, ƙara take yi ba ƙaƙƙautawa har sai an ɗauka. Ba ta yarda an gama sai an ɗauki hoto. In kuma wanda aka ba aikin bai ɗauka ba, sai ta bar shi ta koma kan na biye da shi, in shi ma ya yi shiru ta faɗa kan gurbin ƙarshe, mutumin da komai ke zubewa a kansa. Agogo ta karanta bayanin ta yi dariya. Wannan ai halinta ne aka zuba a waya.

Ta gwada ta da tukunyar gas. Wayar Auta ta yi ta ƙara a shago yana tsakiyar yi wa wani aski, har mutumin ya ce ya taimaka ya ɗauka ko a huta. Kafin la'asar sai ga Auta da sabuwar tukunya a kafaɗa yana haki.

"Yaya, wannan ba manhaja ba ce, masifa ce."

"Ita na zaɓa," in ji Agogo.

Ta zauna a falo ta shiga zuba ayyuka: allurar Baba, maganinsa na rana, kai yara, ɗauko yara, shara, cefane, wankin kayan makaranta. Kowane aiki da mutum na farko da na biyu. A gurbin ƙarshe kuwa, ko tunani ba ta yi ba ta sa sunanta.

Baba yana gefe, ya rage muryar rediyo tun ɗazu. Ya ce, "Agogo, karanta min yadda abin yake tafiya."

Ta yi masa bayani tiryan-tiryan. In Injiniya bai ɗauka ba ƙarar ta je wurin Auta, in Auta bai ɗauka ba ta zo wurinta.

"Wurinki kina kife?"

"Zan sa wayar kusa da filo, Baba. In ta yi ƙara sai in kira su."

"Ki ɗaga kai ki duba wane aiki ne. Ki ɗaga kai ki nemo lamba. In ba su ɗauka ba ki miƙe ki tafi da kanki. Ni na haife ki, na san ki."

A nan ne tsoro ya kama ta, wanda bai kama ta a gaban likita ba. Ba wuƙar aikin take tsoro ba. Tsoronta ta kwanta abu ya faɗi a gidan nan ba ita ce a ƙasa tana jiran ta cafe ba. Injiniya ya ce a sa shi, ta girgiza kai, shi da yake wuni a kan rufin mutane waya na cikin mota. Auta kuwa bai ma yi tayi ba, ya san amsar.

"Sa ni," in ji Baba.

Auta ya tuntsire da dariya. "Haba Baba, kai da ko allurarka sai an yi maka?"

"Hannuna ne yake rawa, ba kaina ba. Shekarun da na yi a tasha ban taɓa tuƙa jirgi ba, amma ba wanda ya taɓa tashi sai na ce ya tashi. Gurbin nan ba na mai gudu ba ne, na wanda yake zaune wuri ɗaya ne kunnensa a buɗe. Duk gidan nan wa ya kai ni zama?"

Agogo ta duba wayarta. Sunan Baba ya cika manhajar, allurar Baba, maganin Baba, ruwan wankan Baba. Ko'ina ta sa shi a cikin ayyuka, ba inda ta sa shi a cikin mutane. Kunya ta rufe ta. Ta goge sunanta daga gurbin ƙarshe, ta rubuta nasa, ta sauke manhajar a wayar da Auta ya taɓa ba shi wadda ba ya komai da ita sai duba lokaci. Ta ƙara girman rubutun, ta ƙure ƙarar. Baba ya miƙo hannu.

"Kawo taki kuma."

Ta kashe ta ba shi, ya jefa a aljihun rigarsa.

Aiki ya yi kyau. Aka dawo da ita gida aka kwantar a kan wani filo mai rami a tsakiya, ido ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan yana kallon tayil ɗin ƙasa. Ta haddace duk wani tsagu da ke jikinsa. Gidan kuma ya koma mata sauti zalla. Da safe ta ji wayar Auta ta yi ƙara, ta ji ƙofar firij, ta ji Baba yana ce masa ya yi a hankali ba saniya yake yi wa ba. Ba yadda take yi suke yi ba, amma ana yi. Ta cije baki ta ƙyale su.

Rannan da rana, jikinta ya gaya mata lokacin tashin yara ya yi tun kafin wata waya ta motsa. Injiniya ne na farko a wannan aikin. Sai ta ji wayarsa tana ƙara, a cikin gidan, a kan teburin cin abinci inda ya bar ta tana caji. Ta yi ta yi har ta gaji ta yanke. Yanzu ta koma kan Auta, can a shago, inda injin aski da waƙa da gardamar ƙwallo ba sa bari a ji ko tsawa. Agogo ta kasa kunne, gidan tsit. Ta ga tagwayen a ranta tsaye a bakin ƙofar makaranta, motoci na wucewa, ɗayan kuwa ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Ta dafa katifa da tafin hannu biyu. Wuyanta ya fara ɗagowa da kansa.

Sai wayar Baba ta ɗauki ƙara a falo.

Rediyo ya mutu nan take. Ta ji shi yana karanta rubutun a bayyane, a hankali. Daga nan wata murya ta tashi wadda rabonta da ji tun tana riƙe masa hula, muryar da ke kaiwa ƙarshen tasha ba lasifika.

"Tela? Baban Auta ne. Leƙa shagon da ke jikin naka ka ƙwace injin nan daga hannunsa. Ka ce ya ɗauko yara, yanzu. Ina riƙe da wayar, sai na ji tashin babur ɗinsa zan ajiye."

Ashe tun ranar da aka sa shi a gurbin ya sa Auta ya zuba masa lambobin maƙwabtan shagon da na mai gadin makaranta. Ta ji ya kira mai gadin ma, ya ce a riƙe yaran a ciki, kawunsu na hanya. Sannan sandarsa ta fara ƙwanƙwasa tayil, tana matsowa, har ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Na ga gwiwar hannun nan," in ji shi. "Mayar da ita."

Ta saki katifar, ta mayar da fuskarta cikin ramin filon. Hawaye ya ɗiga daga idon mai lafiya ya sauka a kan tayil, na daɗi ne, kuma ba ta damu Baba ya gani ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon, wayarsa a kan cinya.

Barci ya ɗauke ta, barcin rana, abin da ta manta yadda yake. Hayaniyar tagwaye ce ta tashe ta, suna rigima kan wanda zai ɗauki hoton da za a tura wa manhaja. Ba ta san ko ta daɗe ba, ba ta san abin da ke biye ba.

"Baba," ta ce daga cikin filon, "ƙarfe nawa?"

"Ba aikinki ba ne," in ji Baba, ya kunna rediyonsa.