Idan Ka Warke, Baba

A unguwar, kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake firiji da fanka kawai yake gyarawa. Mutum ne da bai yarda akwai abin da ya fi ƙarfin gyara ba. Ko firijin da ya ci tsatsa har gindi aka kawo masa, sai ya zagaya shi, ya kasa kunne, ya ce, "Ku bar min shi."

Da ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye, haka ya ɗauki lamarin. Ya dawo da tsohon gidansa, ya ba shi ɗakin da ke kusa da banɗaki, ya kafa masa ƙarfen dafawa a bango. Ya je asibiti aka koya masa yadda ake motsa gaɓoɓi. Kullum da la'asar yakan rufe shago, ya zo ya durƙusa gaban gadon, yana lanƙwasa ƙafar yana miƙewa har gumi ya jiƙe masa riga.

Tsohon kuwa direban babbar mota ne a da. Tun da ya ajiye tuƙi bai taɓa fashin zama a wani ƙaramin masallaci ba, inda dattawa kan yi sallar la'asar tare, su zauna su yi ta ambaton Allah har magariba.

"Kai ni masallaci," in ji shi wata rana, maganar tana fita da ƙyar ta gefen baki.

"Idan ka warke, Baba. Da ƙafarka za ka taka."

"Wa ya ce maka zan warke?"

"Haba Baba, bar wannan magana. Ɗaga hannun. Ƙara kaɗan."

Matarsa ta same shi a tsakar gida yana wanke hannu. "Abban yara, ka kai shi mana. Ƙafar kawai kake gani, mutumin fa?"

"Ki bari kawai. Can za su taru a kansa, a yi haƙuri, a bar wa Allah, shi ke nan ya saki jiki ya daina ƙoƙari. Ni ma ai ina sallah. Amma wannan aiki ne, sai an dage."

Sai da tsohon ya juya fuska bango, ya ƙi magani ya ƙi motsi, sannan Injiniya ya sauko. Ya ɗora shi a keken marasa lafiya ya tura, fuskarsa a murtuke.

Suna isa dattawan suka taso. Wani tsohon tela, abokin mahaifinsa tun ƙuruciya, ya dafa keken yana dubawa. "Direba, sabuwar mota aka yi? Taya huɗu, ga kwandasta, amma ina injin?"

Tsohon ya yi dariya har yawu ya zubo masa. Rabon Injiniya da jin wannan dariyar tun kafin ciwon.

Aka gyara masa wuri a ƙarshen sahu, aka yi sallah. Bayan sallama suka zauna a kewaye, muryoyin suka tashi a hankali, suna kai da kawowa tare kamar numfashin mutum ɗaya. Injiniya yana raɓe a bakin ƙofa, hankalinsa na kan fankar sama da ke ƙara, yana lissafin abin da ya lalace a cikinta. Da ya sauke ido sai ya ga mahaifinsa: ido a rufe, hawaye na bin kunci, kafaɗun nan da kullum suke a ɗaure sun sauka. Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Allah, ka zaɓa mana, kada ka bar mu da dabararmu." Kowa ya ce amin. Muryar tsohon ta fi ta kowa fitowa, abin ya sosa wa Injiniya rai.

A hanyar gida tsohon ya ce, "Gobe ma."

"Sai mun gani. Yau fa ba mu motsa ƙafar ba."

Bai sake kai shi ba. Yau a ce akwai iska, gobe a ce mura, jibi ranar ganin likita. Tun tsohon yana tambaya har ya daina. Ya riƙa ɗaga hannu idan an ce ya ɗaga, ya haɗiye magani ba musu. Ƙafar ma ta ɗan yi ƙarfi, har ranar nan ya miƙe tsaye riƙe da ƙarfen bango, Injiniya ya ɗauka a waya yana tura wa dangi. Ba a daɗe ba, wata safiya bayan an yi masa wanka, tsohon ya kishingiɗa bai ƙara tashi ba.

Dattawan sun zo gaisuwa. Babu wanda ya ga laifinsa. Telan ma riƙe hannunsa ya yi ya ce, "Ɗana, ka yi wa ubanka hidima, Allah ya saka maka." Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Bayan an share makoki ya koma shago, amma da la'asar ta yi sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya rufe, ya nufi masallacin. Aka matsa masa ya zauna cikinsu. Muryoyin suka tashi, ya buɗe baki zai bi, ya kasa. Da liman ya zo addu'a, Injiniya ya yi ta kokawa da kalmar nan guda ta amin, sai da kowa ya shafa sannan ta fito masa, can ƙasa-ƙasa.

Ya dawo gida bayan magariba, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki bai cire takalmi ba. Matarsa ta kawo ruwa ta ajiye.

"Ashe masallacin nan kusa ne," in ji shi. "Wallahi ko gumi ban yi ba."

Ta zauna kusa da shi har yaran suka shigo suna neman abinci.