Katin Dogo

Shekara goma sha ɗaya Gwaggo tana riƙe da inji na shida a masaƙa, amma a takarda ita mai shara ce. Dokar gidan ke nan, ba a rubuta mace a kan inji. Ranar da Dogo, mai injin, ya yanke jiki ya faɗi ya cika a gindinsa, ita kaɗai ta san kan abin, don tana shara tana satar kallon hannunsa. Sai shugaban ma'aikata ya miƙa mata katin shiga aiki na mamacin, ya ce, "Riƙa buga wannan da safe kafin mu samu namiji." Ko neman namijin ba su yi ba.

Yanzu ƙarshen wata za a rufe masaƙar. Sabuwar da ke tsallaken titi tana ɗaukar mata, amma sai mai takardar shaidar ta taɓa riƙe inji. Gwaggo ta je ofis karɓar tata. Ba ta yi boko ba, sai ta ce akawu ya karanta mata.

"Mai shara, mai ladabi da biyayya," in ji shi.

"Sharar me, ɗan nan? Rabona da tsintsiya tun kana yawo da majina. Inji na shida fa?"

"Na Dogo ne, Gwaggo. Ga littafi, ko yau ƙarfe bakwai ya shigo. Bara har takardar yabo aka ba shi."

"Dogon da na rufa wa mayafina a ƙasan can? Ni nake buga katin!"

"Ni dai abin da littafi ya ce na sani."

"Madalla. Gobe ya zo ya yi aikinsa."

Washegari ta bar katin a ma'ajiyarsa jikin bango, ta ɗauki tsintsiya. Ƙarfe bakwai daidai na'urar buga kati ta ce ƙwas, babu kowa a gabanta. Inji na shida ya yi tari sau biyu, ya tashi.

Rana tarwai ta tagogi, matan da ke ninke yadi suka tsaya cak. Zare ya tsinke. Gwaggo tana kallo bakin zaren biyu suka ɗaga, suka haɗu, suka ƙullu. Ƙullin bahago ne, irin na Dogo. A kan ƙurar audugar da ke gaban injin, sawu biyu manya suka lotsa. Ita dai ta ci gaba da shararta.

Manaja ya sauko a guje, ya sa aka kashe wutar gidan gaba ɗaya. Sauran injuna suka yi tsit. Na shida ko gezau, yadi sai tulowa yake.

"Inna, don girman Allah ki tsayar da shi."

"Yau kuma ni ce Inna? Mai shara ba ta taɓa inji, ranka ya daɗe, doka ce. Yi wa ma'aikacinka magana, ga shi nan tsaye."

Manaja bai yarda ya kalli wurin ba. Ya ƙwala wa akawu kira. Akawu ya ɗora takarda a gwiwa ya rubuta, aka buga hatimi. Gwaggo ba ta yarda da bakinsa ba, ta miƙa wa wata mai ninke yadi, ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan."

Matar ta karanta sunan Gwaggo, sannan, "Mai inji na shida, shekara goma sha ɗaya."

Injin ya rage gudu, ya tsaya. Dab da kunnen Gwaggo aka sauke wani dogon numfashi, irin na wanda aka sauke wa kaya. Sai a lokacin ta gane ba ita kaɗai aka zalunta ba.

"Shi ma ku sallame shi," ta ce da akawu. "Bawan Allah ya gaji."

Ta tsaya a kansa har ya ja layi a kan sunan Dogo a littafi. Ta ninke takardarta, ta soke a ƙugu, ta nufi sabuwar masaƙa. Ba ta waiwaya ba, don tana jin taku mai nauyi a bayanta. A bakin ƙofa takun ya karkata, ya yi wata hanyar.